Yadda Ake Zaɓen Jitar Bes Ga Wanda Bai Daɗe Da Fara Kaɗawa Ba

Yawancin masu sayen bes na farko, wato jita mai kaurin sauti, launi da sunan kamfani ne ke jan su. A ga ja mai sheƙi da tambari a kai, a biya, a saɓa. Bayan 'yan makonni yatsu su yi tsami, kafaɗa ta riƙe, tsirkiya tana ta zuzar ƙarfe, sai mutum ya ɗauka shi ne ba shi da hannun kiɗa. Sau da yawa kayan ne ba su dace da shi ba, ko kuma ba a saita su ba tun daga kanti. Abu uku ne suka fi komai muhimmanci ga mai koyo: yadda wuyan jitar ya zauna a tafin hannunsa, nauyinta a kafaɗa, da lafiyar saitinta. Daɗin sauti yana biye da waɗannan, domin rabinsa ma a yatsu da amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, yake.

Raba kuɗin tun kana gida

Bes na lantarki ba shi da rami a ciki, in ba a jona shi ba da ƙyar kai kanka za ka ji shi. Don haka kuɗin da ka tara ba na jita kaɗai ba ne. Ka ware kamar rabi ko sama da rabi kaɗan ga jitar, kashi ɗaya cikin uku ga amfilifaya, sauran kuma ga wayar jonawa, maratayi, jaka mai soso, na'urar saita sauti da ladan mai gyara. Farashin waɗannan kaya dala yake bi, saboda haka ka tambayi wurare biyu ko uku a cikin mako guda kafin ka tsayar da lissafi. Wanda ya zuba komai a jita ya koma gida ba amfilifaya, zai koyi finciko tsirkiya da ƙarfi don ya ji kansa, kuma wannan ɗabi'a tana da wuyar bari.

Tsirkiya huɗu ko biyar

Bes na asali tsirkiya huɗu ne: E, A, D, G, daga mai kauri zuwa siririya. Mai biyar yana da ƙarin B a ƙasa da E. Ita E tana kaɗawa kimanin sau 41 a daƙiƙa, B kuma kimanin sau 31, wanda ya kusa iyakar abin da kunne ke rarrabewa.

Ga mai koyo, huɗu ta fi. Wuyan ya fi siriri, darussa yawanci a kanta aka tsara su, tsirkiyarta ta fi sauƙin samu. Sannan babban aikin mai bes shi ne kashe tsirkiyoyin da ba a kaɗa ba, don kada su riƙa gurnani a bayan wadda ake so. Da huɗu, uku kake gadi. Da biyar sun zama huɗu, kuma B ce ta fi kowacce saurin tashi da kanta.

Amma akwai wanda biyar ce ta dace da shi tun farko. Idan a coci za ka riƙa kaɗawa, ko a ƙungiyar da mai fiyano ke yawan ɗaukar waƙa a E♭ ko D♭, za ka so waɗannan ƙananan sautuka da huɗu ba ta kaiwa. To sai dai ka gwada B ɗin sosai. A kan jita mai araha takan zo sako-sako, ta yi ta kaɗawa kamar igiyar shanya, sauti ba ya fita sai gunji. Kaɗa ta a sake, sannan danna ta a firet na uku da na biyar (firet su ne ƙarafan da aka gitta a kan wuya, ana ƙirga su daga wajen kai). Idan kunnenka bai iya bambanta sautukan uku ba, bar ta. Bes mai huɗu mai kyau ya fi mai biyar da B ɗinsa ba ta aiki. Shi kuwa wanda ba shi da ƙarafan firet a wuya, ka bar shi sai kunne ya nuna.

Tsawo da faɗin wuya

Ana auna tsawon bes ne daga not, wato ɗan farin abin nan mai tsagi da tsirkiyoyi ke hawa a ƙarshen wuya, zuwa jakin da tsirkiyoyin ke hawa a ƙasan jiki. Wanda aka fi sani inci 34 ne, kimanin santimita 86. Gajere inci 30 ne, kamar Squier Bronco da Fender Mustang, akwai kuma Ibanez Mikro da bai kai 29 ba. A kan dogon, daga not zuwa firet na farko ya kusa santimita 5. Ɗora manuniya a firet na ɗaya na tsirkiyar E, ɗan ƙaramin yatsa a na uku. Idan ka iya yin haka ba tare da ka karya wuyan hannunka ko ka ɗage kafaɗa ba, dogon ya yi maka. Yaro ko mai ƙaramin hannu ya ɗauki gajere ba tare da jin kunya ba, manyan makaɗa na amfani da shi. Matsalarsa ɗaya, tsirkiyar gajere ba kowane kanti ke ajiye ta ba, sai ka sayi ƙunshi guda na ajiya tun ranar.

Faɗin wuya kuma gida biyu ne aka gada daga kamfanin Fender. Precision, wanda ya fito a 1951, wuyansa cike yake da hannu, faɗinsa a wurin not milimita 41 ne zuwa sama. Jazz na 1960 ya tsuke zuwa milimita 38. Milimita uku a takarda ba komai ba ne, a tafin hannu kuwa nan take za ka ji. Jerin Soundgear na Ibanez ya ma fi Jazz siriri daga gaba zuwa baya. Kada ka yarda da zancen cewa ƙaramin hannu sai siririn wuya. Wasu siririn ne ke sa musu ciwo a gindin babban yatsa, saboda hannu na matsewa da yawa. Riƙe kowanne na 'yan mintuna, hannunka zai faɗa maka.

Pikof da maganar batir

Pikof shi ne maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya yana ɗaukar motsinta. Na Precision gida biyu ne a karkace, tsarin da aka fara a 1957. Sautinsa mai kauri ne, yana zama daram a tsakiyar kiɗa, kuma ba ya jawo ƙugin lantarki. Na Jazz dogaye biyu ne sirara. Sautinsu ya fi fitowa tar, amma idan ka rage ɗaya ka bar ɗaya za ka ji ƙugi, musamman kusa da doguwar fitila ko inda ake aiki da janareta. In ka buɗe su duka biyu daidai, ƙugin ya ɗauke. Akwai masu haɗa ɗaya daga kowane gida, ana ce musu PJ, kamar Yamaha TRBX174 da BB234 da Squier Affinity PJ. Ga wanda bai riga ya san irin sautin da yake so ba, wannan ne zaɓin da ba a cika yin da-na-sani a kansa ba. Na uku shi ne babban pikof guda irin na Music Man StingRay na 1976, mai sauti mai kaifi da masu marin tsirkiya da babban yatsa ke so. Sterling Ray4 shi ne ɗan'uwansa mai sauƙin kuɗi.

Wasu jitocin suna da batir mai bolt 9 a baya, wanda ke ba ka damar ƙara ko rage kauri da kaifi daga jikin jitar. Ray4 haka yake, Yamaha TRBX304 ma haka, har Ibanez GSR200 yana da batir duk da ana yawan ɗaukarsa marar batir. Abin da ya kamata ka sani: muddin waya na soke a jikin jitar, batir na ci, ko ba a kaɗawa. Idan ya fara mutuwa sauti yakan dusashe ya riƙa tsagewa, daga baya ya ɗauke gaba ɗaya, galibi a tsakiyar taro. Batir mai araha kuma yakan zubar da ruwa ya cinye wayoyin ciki. In za ka iya tuna zare waya kullum da ajiye batir na biyu a jaka, ba laifi. In ba haka ba, marar batir ya fi kwanciyar hankali, kuma kowane mai gyaran rediyo da ya iya dalma zai iya gyara shi.

Gwaji a kanti

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Ka je da safe kafin kasuwa ta cika, da na'urar saita sauti, da katin ATM guda uku, da katin adireshi na takarda guda. In akwai wanda ya fi ka iyawa, ka tafi da shi ya kaɗa kai kuma ka koma gefe ka saurara.

Fara da saita tsirkiyoyin daidai, domin duk awon da za ka yi a kan sakakkiyar tsirkiya ƙarya ne. Sannan ka ɗaga jitar ka hango tsawon wuyan daga wajen kai, da ido ɗaya, gefen E sannan gefen G. Ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba daidai ne, haka ake so. Abin gudu shi ne murɗewa, inda gefe ɗaya ya lanƙwasa ɗayan ya miƙe. Wuyan da ya murɗe ba ya gyaruwa da alanki. Mayar musu da abinsu.

Yanzu auna lanƙwasar. Danna tsirkiyar E a firet na farko da hannun hagu, danna ta a firet na ƙarshe da gwiwar hannun dama ko ka sa abokinka ya danna, ka duba tazarar da ke tsakanin tsirkiya da saman firet na takwas. Katin takarda ya kamata ya shiga da ɗan gogawa, wato kimanin kashi uku cikin goma na milimita. Idan katin ATM ya shige ba tare da ya taɓa komai ba, lanƙwasar ta yi yawa. Idan tsirkiya ta kwanta a kan ƙarfen, wuya ya miƙe fiye da kima ko ya koma baya. Dukkansu ana gyarawa, matuƙar sandar ƙarfen da ke cikin wuya tana aiki. Saboda haka ka ce mai kanti ya sa alanki ya ɗan murɗa ta a gabanka. Idan ta ƙi motsi, ko tana juyawa ba ta kama komai, ko bakinta ya cinye, wannan jitar ba ta sayuwa komai arahar ta.

Sai tsayin tsirkiya. Ba tare da danna komai ba, zura katunan ATM uku a haɗe tsakanin E da firet na sha biyu. Kaurinsu ya ɗan wuce milimita 2, kuma kusan nan ake so. A gefen G a ɗan rage. In ka ga yatsa zai iya shiga, a daidaita kafin ka yanke hukunci, domin ba za ka san daɗin jita ba tana wannan hali. Duba not ma: danna tsirkiya a firet na uku, tazarar da ta rage a kan firet na farko ta zama kamar silin gashi. Not mai tsayi shi ne ke sa firet na ɗaya da na biyu su yi tauri, sautinsu kuma ya haura sama da inda ya kamata.

Shafa tafin hannu a gefen wuya daga sama har ƙasa. Idan bakin ƙarafan na kartar fata, katako ya bushe ya tsuke ya bar su a waje. Mai gyara zai iya goge su, amma ka sa wannan a cikin ciniki.

Daga nan a jona. Ka ce a sa maka a ƙaramar amfilifaya irin wadda za ka saya, a mayar da maɓallan kauri da tsakiya da kaifi duk su kalli sama. Masu kanti sun san babbar sifika da aka cika wa kauri tana sa kowace jita ta yi daɗi. Kaɗa kowane firet a kan kowace tsirkiya, ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Sauti tamanin ne ko fiye, mintuna biyar sun isa, kada kunyar mai kanti ta hana ka. Inda zuzar take shi ke gaya maka ciwon. In a firet biyar na farko ne, wuya ya miƙe da yawa. In daga sha biyu zuwa sama ne, jaki ya yi ƙasa, ko wuya ya yi tudu a inda ya haɗu da jiki. In a wuri guda ne tak, firet na gaba da shi ya ɗago. Na farko da na biyu aikin minti goma ne. Tudu da ɗagaggen firet kuɗi ne. A tsirkiyar G, tsakanin firet na biyar da na bakwai, jitoci masu ƙirar Fender kan sami wani sauti da ke mutuwa da wuri. Kaɗan ba komai, kusan duk suna da shi. Wanda ya mutu nan take, nemi wata.

Murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe. Ƙaraf-ƙaraf ƙura ce, ana fesa mata magani. Girgiza kan wayar a raminta, in sauti na yankewa ramin ya saki. Ɗan ƙugin da ke raguwa idan ka taɓa tsirkiya abu ne da aka saba. Wanda ba ya canjawa ko yake ƙaruwa in ka taɓa, akwai matsala a wayar da ke haɗa jaki da ƙasa. In kuwa ka ji wuta ta ɗan ja ka, saki nan take. Laifin amfilifaya ne ko soket, kuma ba abin wasa ba ne.

Abu na ƙarshe, rataya ta ka miƙe tsaye minti goma. Yawancin bes suna tsakanin kilo 3.5 da 4.5, kuma rabin kilo yana da yawa ga wanda zai tsaya awa biyu a biki. Saki hannuwa biyu. Idan kan jitar ya sunkuya ƙasa, hannunka na hagu zai riƙa aiki biyu, riƙo da dannawa. Maratayi mai faɗin santimita 6 ko 7 wanda cikinsa ba ya santsi yana rage wannan, amma ba ya kawar da shi.

Jabu, da saye daga nesa

Akwai jitoci masu ɗauke da tambarin Fender ko Ibanez waɗanda kamfanin bai taɓa ganin su ba. Alama ta farko farashi ne: sabon Fender a kuɗin Squier, wato ƙaninsa mai araha, babu shi. Duba lambar da ke bayan kai, ka shigar da ita a shafin Fender na intanet ka ga ko ta dace da jitar da ke hannunka. Rubutun da aka liƙa a karkace, sukurori da ba su shiga daidai ba, da gibi tsakanin wuya da jiki da kati zai shige, duk alamu ne. Squier ko Yamaha ko Cort na gaskiya, ƙirar Indonesiya ko Sin, ya fi jabu mai babban suna nesa ba kusa ba. Sayen nagari mai da kuɗi gida ne, kuma waɗannan ne ke da mai saye ranar da ka so canjawa.

Kayan kiɗa da yawa ta Legas suke shigowa, kasuwar Alaba ce cibiyarsu, don haka mai zama a Kano ko Jos ko Damagaram sau da yawa sai dai a aiko masa. In haka ne, ka nemi bidiyon ainihin jitar da za a ba ka, ana kaɗa kowace tsirkiya daga sama zuwa ƙasa, da hoton lambarta, da hoton tazarar firet na sha biyu daga gefe. Ku yi magana a rubuce kan mayarwa in ta iso da aibi. A sassauta tsirkiyoyi kaɗan, a sa ta a kwalinta, kuma a haɗo da alankinta guda biyu, na wuya da na jaki.

Amfilifaya

Kada ka jona bes a amfilifayar jita ta yau da kullum ka ƙure. Sifikarta ba a yi ta don wannan motsi ba, yagewa take. Don ɗaki, mai wat 25 zuwa 40 ta isa. Fender Rumble 25 sifikarta inci 8 ce, Rumble 40 kuma inci 10, kuma tana da wurin aika sauti kai tsaye zuwa mikisa, abin da zai yi maka rana a coci ko zauren taro. In za ka tsaya kusa da mai ganguna, ƙasa da wat 100 ba za a ji ka ba. Nemi mai ramin abin sawa a kunne da ramin jona wayar salula, don ka bi waƙa da dare ba ka tashi maƙwabta ba. Inda wuta ba ta zama, ɗan ƙaramin Vox amPlug da ake sokewa a jikin jita yana aiki da ƙananan batura biyu.

Kafin ka soka kowace amfilifaya a bango, karanta bayanta. Wadda aka yi don Amurka bolt 120 take ci, tamu wutar kuwa 220 zuwa 230 ce. Jonawa ɗaya ta ƙone. Irin wannan sai da taransifoma mai rage wuta. A kan janareta kuma, ka bari ya daidaita kafin ka kunna, ka kashe kafin a kashe shi.

Makonni biyu na farko

Katako yana shan danshi yana kuma fitarwa. Jitar da ta kwana a iskar Legas ta iso Arewa cikin hunturu za ta motsa: galibi wuya ya ƙara lanƙwasa, tsirkiya ta yi sama, bakin firet ya fito. Da damina sai ta koma, zuza ta dawo. Don haka kada ka biya mai gyara ranar da ta iso. Bar ta mako biyu tana kwana a jaka, tana sabawa da ɗakin, sannan a saita. Ka sa ran sake taɓa ta sau biyu a shekara, farkon hunturu da farkon damina. Kada a bar ta a but ɗin mota ko jingine a bangon da rana ke duka. Lokacin bushewa, ɗan soso mai laima a cikin gidan sabulu mai huji, a cikin jaka, yana taimakawa, in dai ruwa bai taɓa jitar ba. Allon wuya mai duhu yana son ɗigo kaɗan na man da aka yi dominsa sau ɗaya ko biyu a shekara. Fari mai fenti ba ya so. Man gyaɗa da baƙin mai ba su da wuri a nan.

Tsirkiyar da ta zo da jita sau da yawa ta daɗe a kanti. Sabon ƙunshi mai lambar kauri 45 zuwa 105 shi ne matsakaici. Goge su da busasshen tsumma bayan kowane kiɗa, gumi ne ke kashe su.

Saiti yana da jeri, in aka tsallake sai an sake. A fara da saita sauti. Sai sandar wuya: murɗawa dama tana miƙar da shi, hagu tana sake shi, kuma kada a wuce rubu'in zagaye a lokaci guda, a sake saita sauti, a jira, a sake aunawa. In ta yi tauri a tsaya, kada a tilasta. Bayan nan tsayin jaki, tsirkiya ɗaya bayan ɗaya. Sannan daidaiton sauti: kaɗa tsirkiya a sake, danna ta a firet na sha biyu, na'ura ta nuna harafi iri ɗaya a tsakiya. In na sha biyu ya haura, ja jakin wannan tsirkiyar baya don ta ƙara tsawo. In ya gaza, matso da shi gaba. A ƙarshe tsayin pikof: danna firet na ƙarshe, ka bar kamar milimita 3 a ƙarƙashin E, 2 zuwa 2.5 a ƙarƙashin G. In ya matso fiye da haka maganaɗisu zai riƙa jan tsirkiya, sauti ya riƙa rawa, in kuma ya yi nisa G za ta ɓace a cikin sauran.